Farantin Keken Manjo

Wai gyaran keke ba sana'a ba ce, faci ne da famfo. Haka ɗayanku ya faɗa jiya a kan bencin nan, yana tsammani kunnena ya mutu. To kunnena lafiya lau yake, kuma na san mai maganar, ga shi can yana sosa ƙeya. Tun da kullum kuna zuwa shan inuwar rumfata, yau ku ajiye wayoyin nan, ku ɗaga kai ku dubi abin can da ke rataye a ƙusa. Farantin gaba ne na keke, mai haƙoran nan da feda ke juyawa ya ja sarƙa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun nema har sun gaji. Ba na sayarwa ba ne, kuma yanzu za ku ji dalili.

Ni Mutari, a hannun Baba Kyari na koyi aikin nan, can bakin Kasuwar Dole. Babarbare ne gajere, Allah ya jiƙansa, ga faɗa kamar me, amma a kan keke hannunsa babu na biyu a Damagaram. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa keken mutum ba. Aikina wankin sarƙa a gwangwanin gazuwal, wato man dizal, da tsoma robar taya a ruwa in ga inda take kumfa. Ranar da ya sallame ni, abu ɗaya ya damƙa mini, magagari. Ku yaran yanzu ba ku san darajar magagari ba. A zamaninmu kayan keken da ake kawo mana daga Kano, rabinsu ba sa shiga gurbinsu sai an gyara musu zama. Ƙusar feda ta yi kauri, a goga. Bakin birki ya karkace, a goga. Ga shi kakana maƙeri ne a unguwar Birni, saboda haka ƙarfe bai taɓa ba ni tsoro ba. Duk abin da ya ƙi zama, ni a wurina laifin kamfani ne, maganinsa kuwa yana cikin akwatina.

Faɗuwar sarƙa kuwa, ita ce aikin da muka fi rainawa. Magani uku muka gada. Ka kwance ƙafar baya ka ja ta baya har sarƙar ta ɗame. In ta riga ta miƙe da yawa, ka cire mata gaɓa. In farantin ne ya lanƙwashe, ka kwantar da shi a kan maƙera ka ba shi guduma biyu. Kekuna masu giya kuma da suka fara shigowa a gwanjo, masu ɗan hannun nan da ke lilo a ƙafar baya yana sauya wa sarƙa mazauni, wanda ake ce wa derayar, su ma ba mu yi musu da wasa ba. Da zarar ya fara damun mai shi, sai mu cire shi mu jefa a kwali, mu gajarta sarƙa, keke ya koma irin namu. Shekara talatin da ɗoriya ina wannan, ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi.

Sai shekarar da aka rufe boda. Kai, ba na fatan Allah ya maimaita mana irinta. Dama moto, wato babur, ya riga ya kwashe mana rabin masu keke, sai kuma kaya suka daina zuwa daga Kano. Babu taya, babu sarƙa, gam ɗin faci ma sai ka bi shaguna huɗu. Tsohuwar roba nake yankawa ina yin faci da ita, wata robar faci a kan faci har ba ka ganin asalinta. Akwai ranar da zan wuni a nan, ban da mai neman iska a taya ba wanda zai tsaya. Abokan sana'ata biyu suka naɗe rumfa, ɗaya ya koma tura ruwa a baro, ɗaya ya tafi Agadas.

A cikin daminar shekarar ne, wata Litinin da hantsi, Manjo Yohanna ya turo keken nan har gabana. Manjo shi ne babba a wani ƙaramin gidan likita can bayan Tirmini. Kirista ne, ɗan garin nan, babansa mushe ne, wato malamin makaranta, da ya koyar da rabin unguwarmu a lakwal. Iyalinsa suna nan cikin gari, layinmu ɗaya, ƴaƴana duka shi ya yi musu lamba, wato allurar rigakafi. Muka gaisa, na tambayi Madam da yara, amma wallahi idona na kan keken. Ban taɓa ganin irinsa ba. Tayoyi ɓul-ɓul masu ƙuraje, faranti ɗaya tak a gaba, a baya kuwa jerin haƙora hawa-hawa har goma sha ɗaya, babban cikinsu ya kai faifai.

Na ce, "Manjo, wannan kuma daga ina?"

Ya ce, "Ƙanena ne ya aiko wa yarona daga Faransa, na hawan dutse ne. Na karɓe aro. Malam Mutari, moton gidan likita ya kwanta, abin da ya lalace babu shi a Damagaram. Ga ƙyanda ta ɓulla a garuruwan yamma. Akwai wani ƙauye, Tudun Aduwa, wata uku ina lallashin maigari kafin ya yarda ya tara mini mata da yaransu in yi musu lamba. Ya sa mini Alhamis da hantsi, kafin su tafi gona. Kariya nake so ka ɗaura mini a baya, wadda za ta ɗauki akwatin ƙanƙara, ka kuma duba mini shi gaba ɗaya."

Na ce ya dawo da la'asar. Kariyar ba ta ba ni wuya ba, na ƙera mata ƙafafu da ƙarfen wata tsohuwa, ta zauna daram. Da na zo cire ƙafar baya, sai na ji derayar ɗin ya yi tauri, ba ya lilo kamar na gwanjo da na sani. Na lalubo wani ɗan maɓalli a jikinsa, na tura shi, nan take ya saki ya yi laushi. Na ce yawwa, ashe a ɗaure yake tun daga can. Na bar shi a haka.

Na cire sarƙa na wanke ta tas, na zo mayarwa, sai ta ƙi zama a kan farantin gaba. Ta hau kan haƙoran ta yi ɗare-ɗare, ba ta shiga ba. Na danna da yatsa, ta ƙi. Na sa tabarau na duba da kyau, sai na ga abin mamaki. Haƙori ɗaya siriri, na kusa da shi mai kauri, siriri, mai kauri, haka har ya zagayo. Na yi dariya ni kaɗai. Har na kira mai shayin can na ce, "Zo ka ga aikin Nasara! Su ma ashe suna fitar da kaya ba su gama ba." Ban ko kwance farantin daga jikin feda ba. Na jawo magagarin Baba Kyari na zauna. Farin ƙarfe ne mai laushi irin na tukunya, yana cin magagari kamar sabulu. Kafin azahar na daidaita su, sarƙa ta faɗa ta zauna ko ta ina aka ɗora ta. Na juya feda, shiru, sumul. Na shafe ta da baƙin mai har tana ɗiga.

Da la'asar Manjo ya zo, ya hau ya zaga ya dawo yana murmushi. Ya ce, "Kai, har ya fi da laushi." Ban gaya masa na yi guga ba. Ba ɓoyewa na yi ba, a ganina abin bai kai a faɗa ba.

Ran Asabar sai ga shi an sauke shi daga motar Tirmini, shi da keken. Tun daga nesa na ga tafiyarsa ba daidai ba, yana ɗingishi. Ya zauna a nan inda kake zaune, ya cire takalmi, duk ƙafar ta yi bororo. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya fara.

Ya ce, "Malam Mutari, keken nan ba na ƙasarmu ba ne. A kan godoro, inda kwalta take, lafiya lau. Ina sauka jar hanya, inda take da gargada, sarƙa ta zube. Na mayar, ban yi nisa ba ta sake zubewa. Na daina ƙirgawa a ta takwas. Ta ƙarshe a gangaren wani kwari, ta faɗa ciki ta maƙale tsakanin faranti da jikin keke, na ja na ja ta ƙi fita. Tura shi na yi cikin rairayi, da akwati a baya."

Na ce, "Ka isa kuwa?"

"Na isa bayan azahar. Ba kowa a gindin bishiyar da aka shirya taruwa sai maigari da awaki. Ya ce mata sun zauna tun hantsi da yara a baya, rana ta yi musu yawa, ga ciyawa na cin gonakinsu, suka watse suna cewa dama sun san zancen banza ne. Na ba shi haƙuri har na gaji. Ya ce saboda girman tafiyar ƙafar da na yi, zai sake tara su Alhamis mai zuwa, sau ɗaya. In na sake saɓawa, kada in ƙara aiko masa da kowa." Ya nisa, sannan ya ce, "Ka cire masa tarkacen nan na baya, ka mayar mini da shi irin namu."

Da na bi maganarsa, da shi ke nan, laifi ya tafi kan Nasara. Kuma da na cuce shi sau biyu, don keke mai giya ɗaya ba zai fitar da mutum da akwati daga rairayin bayan Tirmini ba. Amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Abin da ya tsayar da ni, ɗana ya taɓa gaya mini yaron Manjo yana hawa duwatsun Birni da keken nan yana dirowa, ban kuwa taɓa jin an ce sarƙarsa ta zube ba. Me ya sauya daga ranar zuwa yau? Hannuna kawai ya shiga tsakani.

Na kifa keken, na zaro sarƙar daga inda ta maƙale, na ɗora ta. Na kama ta da yatsa biyu a kan faranti na girgiza gefe da gefe. Tana rawa, kwal-kwal. Na juya feda kaɗan na sake girgizawa, tana rawa. Na sake juyawa, sai na zo wani wuri ta ƙi motsi, ta kame ƙam. Na leƙa. Bayan hannun feda ne, inda magagarina bai kai da kyau ba. Haƙora biyu masu kauri sun tsira a wurin, kuma kowannensu ya cika ramin sarƙar da ya shiga, babu sauran wurin rawa.

Sai na dubi sarƙar kanta. Ku ɗauko waccan ta kan tebur ku gani da idonku. Rami ɗaya mai faɗi, na gaba da shi matsattse, mai faɗi, matsattse. Kowace sarƙar keke a duniya haka take. Na wanke sarƙa ta fi dubu, ban taɓa tambayar kaina amfanin hakan ba. Ashe mutanen da suka ƙera farantin nan sun auna ne, haƙori mai kauri ya shiga rami mai faɗi, siriri ya shiga matsattse, su riƙe sarƙar kada gargada ta fizge ta, tun da babu wani ƙarfe a gaba da zai tare ta. Ranar Litinin da ta ƙi zama, a kan kuskure na ɗora ta, mai kauri a bakin matsattse. Da na ɗaga ta na matsar da ita haƙori ɗaya, ɗaya tak, da ta faɗa gurbinta. Ni kuwa na zauna na goge goma sha huɗu, har ina kiran mai shayi ya zo ya taya ni dariya.

Wallahi kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina gaban Baba Kyari. Na mayar da ɗan maɓallin nan na baya inda na same shi, derayar ya sake yin tauri, na buga ƙafar baya a ƙasa, na ga sarƙa ta daina tsalle. Wato shi ma taurin da gangan aka yi shi. Abu biyu aka sa su riƙe sarƙar nan, duka biyun ni na kashe su a wuni ɗaya.

Na ce, "Manjo, taso ka gani." Na nuna masa haƙora biyun, na nuna masa sauran da na goge. Na ce, "Keken nan ba shi da laifi. Ni na ɓata shi. Tafiyar ƙafar da ka yi, da matan da suka watse, duk aikin hannuna ne."

Ya daɗe yana kallon farantin. Na ga ransa ya ɓaci, har jijiyar wuyansa ta tashi. Na shirya jin duk abin da zai faɗa. Can sai ya ce, "Da ka yi shiru, har abada ba zan sani ba."

Na ce, "Ni ai na sani."

Ya sa takalminsa a hankali. Ya ce, "Ba ni da lokacin fushi, Malam Mutari. Alhamis nake so. Za ka iya ko ba za ka iya ba? In ba za ka iya ba gaya mini yanzu, in nemi amalanke tun da wuri."

Na ce ya ba ni zuwa Laraba.

Ranar na rufe rumfa na bi gari. Kasuwar Dole, ƴan gwanjo, duk wani mai tara tsofaffin kekuna, babu mai irin farantin nan, wasu ma ba su gane abin da nake kwatantawa ba. Na je wa mai walda, ya juya shi ya ce wannan ƙarfen wutarsa ba ta kama shi, narkewa zai yi. Kano kuwa ba hanya. Na dawo na zauna ina kallon keken. Na ce to, tun da haƙora ba za su ƙara riƙe ta daga ciki ba, sai in yi mata abin da zai tare ta daga waje.

Jarkar man girki na samo, rawayar nan, na yanko kafaɗarta inda robar ta fi kauri. Na gasa ta sama-sama a kan gawayin mai shayi har ta yi laushi, na naɗe wata tsohuwar sarƙa da kwali, na lanƙwasa robar a kanta, ta fito kamar ɗan kwararo mai bango biyu da rufi. Na ƙera mata hannu da ƙarfen tsohon birki, na ɗaure a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi, kwararon ya rufa a kan sarƙa daidai inda take hawa faranti. Dama ko hagu, in ta yi niyyar fita, bango ya mayar da ita. In ta yi tsalle sama, rufi ya danne ta.

Faɗi ne da sauƙi. Na farko da na yi ya matse da yawa, in aka sa giyar hawan tudu sarƙa na karkata ta riƙa gurzar robar, ƙurr, ƙurr. Na yar, na yi na biyu, na buɗa bakinsa ta baya. Shi kuma ya yi sako-sako, sarƙa ta sami wurin shiga tsakaninsa da faranti, wanda ya fi faɗuwar ma muni. Na uku ne ya yi daidai, tsakaninsa da sarƙa kaurin tsinken ashana. Na cire gaɓa biyu don ta ƙara ɗamewa, bayan na tabbata tana kaiwa babban faifan baya ba tare da ta shaƙe ba. Baƙin man nan da na shafa, na tarar ya kwashi rairayi ya zama kamar tuwo, na wanke shi fes, na ɗiga farin mai gaɓa-gaɓa na goge da tsumma.

Ran Talata na ɗaura tubali biyu a kan kariya na nufi duwatsun bayan Birni. Ku yi tunanin tsoho da furfura, ya tattare riga, yana gangarowa kan duwatsu yana ta tsalle a kan sirdi. Mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya suna kallo, wata ta ce, "Baba, lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau, aiki nake. A gangara ta biyar hannun ƙarfen ya juya, sarƙa ta zube. Na dawo na naɗa tsohuwar robar taya a ƙarƙashin maɗaurin don ya ciji bututun, na koma. Tun azahar har rana ta yi ja ina hawa ina sauka, ba ta ƙara faɗuwa ba. Ƙuguna kuwa kwana uku yana gaya mini.

Laraba Manjo ya zo ɗauka, na ce masa, "Gobe tare za mu."

Ya ce, "Haba Malam Mutari, gobe fa Alhamis, ranar kasuwa. Ita kaɗai ce ranar da kake samun aiki."

Na ce, "Kasuwa ta ci ba ni. In sarƙar nan ta faɗi a hanya, ina so ta faɗi a gabana."

Da sassafe na shiga motar farko ta Tirmini da tsohon kekena a sama da jakar kayan aiki. Na tarar ya riga ya ɗaure akwatin ƙanƙara yana jirana. Muka kama jar hanya, shi a gaba ni a baya. Ban ga gona ba, ban ga gari ba, idona na kan sarƙar nan kawai. Duk ramin da ya faɗa sai gabana ya faɗi tare da shi. Muka zo gangaren kwarin da ta maƙale masa, ya waiwayo ya dube ni, na ce, "Sauka kawai, kada ka taka birki saboda ni." Ya sauka, akwati na kaɗawa, na ji sarƙa ta doki robar, ƙwas, ta koma mazauninta. A hawan tudun kuwa ya sauya giya ya haye abinsa, ni da keken da nake taƙama da shi sai da na sauka na tura.

Hantsi bai gama ɗagawa ba muka hango bishiyar. Mata ne zaune a kan tabarmi, da goyo, da na hannu. Ba su kai na makon jiya yawa ba, in ji maigari, amma da aka ga Manjo ya iso da gaske, sai aka riƙa aika yara gida-gida, wasu matan har daga gona suka dawo da fartanya a kafaɗa. Ni aka ba riƙon lema a kan akwati. Yara na tsala ihu, uwaye na dariya, Manjo na kiran suna ɗaya bayan ɗaya daga takardar da maigari ya sa aka rubuta tun makon jiya. Ban taɓa jin kukan yara ya yi mini daɗi irin na ranar ba.

Sai ya kira wani suna, Rakiya, ba a amsa ba. Ya sake kira. Wata tsohuwa ta ce, "Tana gida, ƙyanda ta fito mata tun Litinin. Uwar kuwa makon jiya ita ta fara zuwa wurin nan, ita ta tashi ƙarshe."

Da aka gama muka bi tsohuwar zuwa gidan. Yarinyar ba ta kai shekara ba. Tana kwance a cinyar uwarta, jiki ya yi ja da ƙuraje, idanu sun kumbura sun manne, numfashi sama-sama. Manjo ya durƙusa yana duba ta, ya ba da magani, yana yi wa uwar bayani a hankali. Ni ina tsaye a bakin ƙofa na rasa inda zan sa idona. Uwar ta ɗago ta gan ni, ta sa aka kawo mini ruwa a kwanon sha. Ta ce, "Sannu Baba. Kai ma ka sha rana saboda ƴaƴanmu. Allah ya saka maka da alheri." Na karɓi kwanon. Na kurɓa sau ɗaya na ajiye.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri. Na ce, "Manjo, don girman Allah gaya mini gaskiya. Da ka iso makon jiya, da yarinyar nan ta tsira?"

Ya tsayar da keke ya sa ƙafa a ƙasa. Ya ce, "Ƙyanda takan yi kwana goma a jiki kafin ta nuna kanta. Ranar da uwar ta zauna jirana, yarinyar na ɗauke da ita. Ko na iso, allurar ba za ta riga ta ba. Ba don in sanyaya maka rai na faɗa ba, haka abin yake."

Na san Manjo ba ya ƙarya. Amma na dawo gida da yarinyar nan a raina, in na ɗauki magagari sai in ga idanunta. Kullum in motar Tirmini ta tsaya sai na miƙe na duba ko da wanda zan tambaya.

Keken ya ci gaba da aiki. Duk daminar nan da shi Manjo ya zaga ƙauyukansa, robar jarkar nan ba ta ba shi kunya ba ko sau ɗaya. Da aka buɗe boda ƙanensa ya aiko da sabon faranti, ni na ɗaura shi da hannuna, na ɗora sarƙa, haƙori mai kauri a rami mai faɗi, ta faɗa ta kame. Na kawo kile, wato sifana, zan kwance robar, Manjo ya riƙe hannuna ya ce in bar masa abarsa. Tsohon farantin kuma na roƙe shi ya bar mini, ya ce in ɗauka.

Amma ba ranar ce nake gode wa Allah a kanta ba. Mako biyu bayan zuwanmu Tudun Aduwa, ina durƙushe a nan ina faci, sai na ji ƙararrawar keke a bakin hanya, ana ta kaɗa ta ba ƙaƙƙautawa. Na ɗago a fusace zan yi faɗa, sai na ga Manjo ne, ko sauka bai yi ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Malam Mutari! Rakiya ta tashi! Jiya na gan ta tana rarrafe, har ta kama mini igiyar takalmi!" Na zauna daɓas a ƙasa, da gam a yatsuna, ina ta alhamdu lillahi, mai keken da nake yi wa facin na tsaye yana kallona bai san abin da ake ciki ba.

To kai mai cewa faci ne da famfo, tashi ka sauko da shi. Sauko da shi mana, ba ya cizo. Bi haƙoran da yatsanka, a hankali. Ka ji yadda suka yi sumul, duk kai ɗaya? Aikina ne wannan, kuma ban taɓa yin guga mai kyau irinta ba. Ci gaba da zagayawa. Yawwa, tsaya nan. Waɗannan biyun masu kauri da ka ji, su ne hannuna bai kai gare su ba.